YAƁE DA TSAGA A TSOFAFFIN GIDAJEN JIDDA



Duk wanda ya bi ta Balad a 'yan shekarun nan, ko ta Bab Makka ko ta kasuwar Alawi, ya ga yadda aka tottokare gidaje da itatuwa da ƙarafa, ya kuma ga magina bisa tsani suna kankare tsohon shafe suna sa sabo. Yaranmu su kan tsaya su ɗauki hoto su wuce. A ganinsu wannan sha'ani ne na hukuma da jikokin attajiran Jidda, ba ruwan Bahaushe a ciki. Mu kuwa da muka ɗan manyanta mun san kakanninmu sun yi ruwa sun yi tsaki a cikin bangayen nan, mun kuma san akwai ɓarnar da mu da kanmu muka yi musu. Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ba da tarihin abin tun daga tushe.

Tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, a shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da Jidda ƙofar Makka ta wajen ruwa. Ganuwar da kakanninmu suka tarar, asalinta Husaini al-Kurdi ne ya gina ta a farkon ƙarni na 16 da umurnin Sarkin Masar al-Ghauri, don tsoron jiragen Fotugal, waɗanda kuwa suka kawo hari a 1517 aka kore su. Amma dogayen gidajen nan masu tagogin katako da a ke kira rawashin, yawancinsu ba su kai haka tsufa ba. Sai bayan da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka yawaita a Bahar Maliya, ciniki ya haɓaka, sa'an nan attajirai suka shiga gasar bene, hawa huɗu, biyar, har shida. Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka sa'ad da ya shiga garin a ƙarshen 1925, a 1881 aka gama shi.

To, da me aka gina su? Dutsen da a ke kira mangabi, wanda a ke haƙowa a bakin tafkin Arba'in, arewa da ganuwa. Ba dutse ba ne irin na Dala ko na Kufena. Dutsen teku ne, murjani da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka cuɗe suka daskare. Ba shi da nauyi, gatari na sassaƙa shi ba wuya, ga shi da ƙofofi kamar soso. Abin da a ke ɗaura shi da shi kuwa laka ce baƙa da a ke kwasowa daga gindin tafki. Watau dutsen da gishiri, lakar da gishiri, ƙasar da aka kafa harsashin ma, in ka haƙa kaɗan sai ka tarad da ruwan zartsi. Mai hankali zai ce wannan ba kayan da za a ɗora bene hawa biyar a kai ba ne.

Maginan Jidda sun san haka, sai suka yi wa abin dabara biyu. Ta farko, bayan ko wane kamu biyu ko kusa da haka, su kan shimfiɗa katako a kwance cikin bango, ya zagaye ginin kamar ɗamara. Sunansa takalil. Shi ke raba nauyi, shi ke hana tsaga ta taso daga ƙasa ta zarce har sama. Yana da wani amfani kuma wanda ya fi ba mu mamaki muna yara: in duwatsun ƙasa suka ruɓe, sai a tokare katakon nan da gumagumai, a zare duwatsun da ke ƙarƙashinsa a sa sababbi, alhali mutane na zaune a sama suna shan shayi. Maginan garin su kan ce sun rataye gidan.

Dabara ta biyu ita ce maganarmu ta yau, watau nura. A kan ƙona dutsen farar ƙasa a matoya da wuta mai tsanani, zafin da masana suka auna wajen digiri 900, har ya yi fari fat ya rage nauyi. In aka zuba masa ruwa sai ya yi ta tafasa yana huci ba tare da wuta ba, ya narke ya zama kamar kindirmo. A bar shi cikin rami ya kwana biyu, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon kyansa, sa'an nan a gauraya da yashi a yaɓe bango ciki da waje. Nura ba bushewa kaɗai ta ke yi ba kamar laka. Iska ta ke sha sannu sannu, har ta koma irin dutsen da ta fito daga gare shi. Duk da haka ba ta toshe numfashin bango. Laimar da dutse ya tsotso daga ƙasa, da raɓar da ke sauka ko wane dare a garin nan, ta cikinta su ke fita, su bar gishirinsu a kan fatarta. Gishirin ya ci nura, ya bar dutse. Don haka aka yi ta: riga ce da a ke sa wa gida don ta tsufa a madadinsa, in ta yage a ɗinke, in ta mutu a sake wata. Mai gidan da ya san ciwon kansa ba ya barin shekaru su taru bai kira mai nura ya duba masa ba, musamman bayan ɗan ruwan saman da a kan yi da sanyi.

Sana'ar tana da tsari, da shehunta wanda ke raba gardama tsakanin magini da mai gida. Mu'allim ne babba, shi ke riƙe da fasalin gidan duka a kansa ba takarda. Ƙarari ke sassaƙa dutse, nawwar ke shafe da zanen da a ke yi a bakin ƙofa. A ƙarƙashinsu kuma ga tarin masu ƙarfi: masu haƙo dutse, masu kwaɓa laka, masu ɗebo ruwa, masu hawa da kwando a ka har hawa na biyar. Nan ne a ke samun namu.

Mutanen ƙasashenmu sun daɗe a wannan gaɓa. Wani Bature matafiyi, Burckhardt, mutumin Suwizalan, wanda ya sauka Jidda a 1814, ya rubuta cewa ya ga Takarna suna dako daga jirage zuwa ɗakunan ajiya, suna kawo itacen wuta, suna saƙa tabarmi da kwanduna, suna kuma gina 'yan murahu na yumɓu su sayar wa alhazai. Kun ji, tun a lokacin hannunmu na cikin yumɓu. Amma babban kwararo sai bayan 1903, da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a suka yi ta yin gabas. Waɗansu suka tsaya Mai Wurno a bakin Nilu tare da ɗansa Muhammadu Bello, waɗansu suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira suna tara kuɗin jirgi, sa'an nan suka ƙetaro a sambuk. Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda aka yaudara a hanya aka sayar, bauta kuwa ba a soke ta a ƙasar nan ba sai a 1962. Waɗanda suka iso da 'yancinsu, da yawansu a Nakatu suka sauka, ƙauyen bukkoki da ke kudu da ganuwa. Da asuba su shiga gari ta Bab Sharif su yi wa mutane ginin dutse, da magariba su koma su kwana a bukkar zana da buhu. Zango ne aka yada don a huta a wuce, ga shi yau jikokin jikoki ke karanta wannan takarda, masu amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi.

Abin da tsofaffinmu su kan faɗa, kuma mun gaskata su, shi ne aikin nura bai zame musu baƙo ba. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san ginin tubali ba ya rayuwa sai da yaɓe. Damina na wucewa za a kwaɓa ƙasa a bi bango a toshe inda ruwa ya zaizaye, a gyara bakin indararo, a ɗaga zankon da ya karye. Masu hali su sa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Waɗanda suka fi su hali su sa laso, wanda a ke haɗawa da katsin karofi da gashin akuya daga majema da yauƙin dafara. Ganuwar Kano ma da gayya a ke yaɓe ta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya ɗaga bakunansa, azarar nan kuwa aikin da ta ke yi cikin ƙasa bai yi nisa da na takalil cikin dutse ba. Saboda haka Bahaushen da aka miƙa wa kwandon nura ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya riga ya san bango abu ne mai bukatar kiwo kamar dabba.

Sun kuma ga aya a hanya. Sawakin, inda mafi yawansu suka shiga jirgi, gari ne da aka gina da irin wannan dutse, da irin waɗannan tagogi, kai ka ce ƙanwar Jidda ce. Da Ingilishi suka buɗe sabuwar tashar Bur Sudan a 1909, fatake suka kwashe suka koma can, aka bar gidajen ba mai shafa musu nura. Ba yaƙi, ba gobara. Raɓa da gishiri kawai. Alhazan da suka biyo ta nan a shekarun 1950 sun tarar da benaye suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, yau kuwa tsibirin yawancinsa tsibin duwatsu ne, sai 'yan gine-ginen da Turkawa suka gyara daga baya.

Shekarar 1947 ita ce mararrabar Jidda. A cikinta aka rushe ganuwa, a cikinta kuma ruwan Ainul Aziziyya ya iso daga Wadi Fatima. Kafin nan ruwa abin awo ne, daga tankunan ruwan sama da injin tace ruwan teku da a ke kira kindasa, mai ɗebowa ya hau da shi a salka ko a garwa. Gidan da a ke yi wa awon ruwa, bangonsa ba ya jiƙa. Da famfo ya shiga, aka huda bangaye aka zura bututu, aka ƙara makewayi a hawan da ba a yi shi don haka ba, ramukan bayyara suka cika suna tsatsafowa cikin harsashi. Daga baya ga mukayyif, ko wace taga da nata, yana ɗiga a jikin bango dare da rana. Ba mu ce ruwa da sanyi ba alheri ba ne, wanda ya taɓa hawa bene da garwa biyu ba zai ce haka ba. Amma gidajen ba a shirya su don wannan alheri ba.

Sa'an nan ga siminti. Wani Bature magini, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistarsa a Ingila a 1824, a ƙarshen shekarun 1950 kuma aka fara yin sa a nan Jidda. Yana da araha, yana kamawa cikin yini guda, ko wane lebura na iya kwaɓa shi. Matoyan nura suka mutu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan nawwar suka shiga makaranta da aikin ofis. Da kuɗin mai suka yawaita a shekarun 1970, masu gidajen suka ƙaura arewa zuwa sababbin unguwanni, suka bar tsofaffin a hannun wakilai. Gida ɗaya magada hamsin, wani kuma waƙafi, ba mai cewa nawa ne balle ya kashe masa kuɗi. Aka yanyanka ɗakuna da katako aka zuba 'yan haya: Yamalawa, Somalawa, mutanen Hindu da Pakistan, da mu.

A nan za mu faɗi laifinmu. A shekarun 1980 muna haya a wani gida a Harat al-Yaman, iyali shida, duka 'yan zango. Bangon da ke fuskantar lungu ya tsage daga kusurwar taga, shafen ya fara zuba. Muka yi ta aika wa wakilin magada, kullum sai gobe. Da muka gaji sai muka yi karo-karo muka sayi siminti buhu biyar, muka kira wani mai cokalin gini ya lafta wa bangon tun daga ƙasa har tsayin mutum biyu, muka bi da fentin mai, shuɗi. Muka tsaya muna sha'awa. Akwai wani dattijo a cikinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi dakon nura yana saurayi. Ya fito ya duba, ya ce, “'Ya'yana, kun sa wa mai zazzaɓi rigar roba.” Muka yi dariya, muka ce tsufa ne.

Shekara uku ba ta cika ba. Wata rana da dare muka ji rugum, muka fito muka tarar simintin ya ɓalle falle guda kamar ƙyauren ƙofa, ya murƙushe amalanken wani mai sayar da kayan miya. Allah ya tsare ba yaro a wurin. Da gari ya waye muka ga abin da ke baya: dutsen ya zama gari, kana iya ɗiba da hannu, katakon takalil ya yi baƙi ya ruɓe, gara ta gama da sauran. Dalili kuwa a fili ya ke. Siminti da fentin mai sun toshe hanyar da laima ke fita, sai ta taru a baya ta yi ta hawa sama, gishirin da dā nura ke sha sai ya koma cin dutsen kansa. Ga shi siminti ya fi dutsen tauri, in gida ya motsa ba ya bin sa, sai ya rabu da shi. Tun farko tsagar ba ita ce cutar ba, alama ce. Cutar wani bututu ne da ke yoyo cikin bango a hawa na biyu, ba wanda ya neme shi.

Dattijon nan ne ya tsaya a kan gyaran na biyu, yana zaune bisa kujera yana nuni da sanda, mun kuwa riƙe abin da ya koya mana. Da fari ya sa aka bi bangon ana ƙwanƙwasawa da bayan mabuɗi. Inda ya yi ƙara tsaf, shafen na manne, a bar shi ko da ya tsufa. Inda ya amsa kamar ganga, ya rabu da dutse, a sa masa alama da gawayi. Ya ce tsaga iri biyu ce. Akwai ta fata, siririya kamar gashi, mai rassa kamar saƙar gizo, wannan ba ta hana barci. Akwai kuma ta ƙashi, wadda ke tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda yatsa ke shiga, ko inda bango ya yi ciki ya turo waje. Irin wannan a kan ɗana mata ɗan jibsi a gicciye a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata ɗaya ko biyu jibsin ya rabe, tsagar na da rai, ba aikin yaɓe ba ne, aikin mu'allim ne da tokara, a kuma fid da yara daga ɗakin tun ba a yi kuka ba.

Bai yarda an taɓa nura ba sai da aka gano bututun aka sake shi, aka bar bangon ya sha iska makonni. Sa'an nan aka kankare duk abin da ya mutu, aka buɗe bakin tsagar don sabon shafe ya sami wurin kamawa, aka share ƙura, aka wanke da ruwan daɗi. Duwatsun da suka zama gari aka zare aka sa waɗansu. Kwaɓin kuwa kashi ɗaya nura, kashi biyu ko uku yashi, yashin ma wankakke, ba na bakin teku ba. A yayyafa wa bango ruwa, a mara shafe bai fi kaurin yatsa ba, a karce fuskarsa, a bar shi kwanaki, a sake wani, na ƙarshe ya fi laushi. Ba a yi da tsakar rana. A rataya buhunan da aka jiƙa don kada rana ta ƙona shi kafin ya kama. A gama da ruwan farar ƙasa, ba fenti ba. Abin da siminti ya yi a yini biyu ya ci mana fiye da wata guda, masu gajen haƙuri a cikinmu har sun yi gunaguni. Amma sa'ad da muka bar gidan bayan shekara goma sha ɗaya, gefen nan na nan garau, sai dai mu kan bi shi da farar ƙasa kafin azumi.

Hukuma ma ta farga, ko da ya ke a hankali. Zamanin da Muhammad Sa'id Farsi ke shugabancin Baladiyya aka sa masana suka ƙidaya tsofaffin gidaje wajen 1980, aka rubuta fiye da 500 waɗanda ba a yarda a rushe ba. Rubutu a takarda bai hana gobara da ruwa ba, da yawa sun tafi, kowa kuwa ya tuna ambaliyar Nuwamba 2009 wadda ta ci rayuka fiye da 100 a garin nan. A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya. A 2019 Yarima Muhammad bin Salman ya ba da riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, a 2021 kuma aka yi shelar babban shirin raya Balad duka. Abin da masu gyaran ke fara yi in sun kama gida shi ne su ɓamɓare simintin da irinmu suka lafta, su koma wa nura. Mu kuma tuna wa masu sauran zama a can cewa yanzu ba a taɓa bangon tsohon gida sai da izini, kada wani ya ɗauki abin da muka bayyana a sama ya hau tsani da kansa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji mutanen dā, namu bangon kuwa ya tsage. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni masu yawa a kudu da tsakiyar gari, har da Sabil da Kandara da Hindawiyya da Ghulail da Karantina, inda yawancin jama'armu suka zauna tun bayan bukkokin Nakatu. Gidajen bulo ne da siminti, ba wanda ya kira su tarihi. 'Yan ƙasa aka yi musu lissafin diyya, waɗanda ba su da takardar zama 'yan ƙasa kuwa kowa ya nemi haya inda ƙafarsa ta kai shi. Maƙwabtan shekara hamsin sun watse, tsofaffin da dā a ke samu a ƙofar masallaci ɗaya yanzu sai an yi tafiyar rabin sa'a a mota. Abin da ya rage a tsaye a Jidda wanda hannun kakanninmu ya taɓa, mafi yawansa bangayen Balad ne, su kuwa sunan mai gida ke rubuce a ƙofarsu, ba na mai kwando ba.

Don haka masu kula da wannan takarda suka yanke shawara biyu. Ta farko, samarinmu da ke aikin gini, masu kwaɓa siminti a sababbin unguwanni, su nemi shiga wurin masu gyaran Balad ko da a lebura ne, su koyi nura da sassaƙar mangabi, gama masu wannan sani kaɗan ne, aikin kuwa na shekaru ne. Ta biyu, za mu rubuta abin da tsofaffi suka riƙe: wane gida suka yi wa aiki, a hannun wane mu'allim, nawa a ke biyansu a yini, ina matoyar ta ke. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida mai irin wannan labari, ko wani tsohon hoto, ko cokalin gini na gado, ya same mu bayan sallar Juma'a a inda muka saba haɗuwa. In tsohon ba ya iya fita, a gaya mana unguwar da aka koma, mu za mu je mu same shi da takarda da alƙalami.